Hajiya, na yi mota!

Kafin wani ya sake turo min wannan sitikar bari dai na ba da labarin da bakina kowa ya huta, don wallahi na gaji da amsa tambaya ɗaya kullum. Eh ni ne. Eh hular ma tawa ce. A'a, ba a ba ni mota ba.

Ni dai tasi nake ja a New York, shekarata ta uku kenan, kuma motar ba tawa ba ce haya nake biya duk sati, ku riƙe wannan maganar don za ta yi amfani a gaba. A Bronx muke zaune ni da wani Alhaji ɗan zangon Kumasi, irin Hausawan Gana ɗin nan da ko matarsa ce ta kira waya sai ya ce maka "matana ya kira", hawa na huɗu muke, ƙofar da take kallon tamu kuma ta wata tsohuwa ce baƙar fatar Amurka da ta haura saba'in. Mama muke ce mata, ita kuma duk wanda ta gani ɗanta ne. Ni nake hau mata da cefane idan lif ya lalace, kuma kullum a lalace yake, ladana shi ne ta zaunar da ni ta zuba min shayi mai ƙanƙara a ciki, shayi fa da ƙanƙara, mu kalli abin da take kira "labaraina".

Labaran nata wani wasan kwaikwayo ne da ake sawa da rana mai suna General Hospital, an fara shi tun 1963 kuma har yau ba a kai ƙarshensa ba. 1963 fa jama'a, Sardauna yana raye. Wai asibiti ne amma ni ban taɓa ganin an kawo mai ciwon ciki an ba shi magani ya tafi gida ba, kullum sai dai mutum ya mutu a binne shi a sha kuka, bayan shekara biyu ya turo ƙofa ya shigo da wata fuskar daban a ce ai tiyata aka yi masa, ko kuma wanda aka binne ɗan tagwayensa ne da babu wanda ya san da shi har uwar da ta haife su. Idan mace za ta faɗi magana mai nauyi ba ta kallon wanda take wa maganar, juya masa baya take ta fuskanci taga, kiɗa ya tashi, kyamara ta matso har ka ga jijiyar idonta, sannan a tafi talla. Mama ce ta gaya min wai sunan irin wannan wasan ma daga sabulu ya samo asali, don kamfanonin sabulu ne suke ɗaukar nauyinsa tun zamanin rediyo saboda matan gida su saurara su sayi sabulu. Na ce to ai ga shi nan kuwa, kumfa ce zalla. Mu da muke ta zagin fim ɗin Indiya wai kyamara tana dukan fuskar mutum sau uku da tsawa, ashe masu abin suna nan sun yi shiru.

Shi kuma Alhaji nasa daban ne. Maury yake kallo, maimaici, tunda shirin ya tsaya tun 2022, inda ake kawo mace da namiji a yi gwajin jini a buɗe ambulan a ce wa mutum "ba kai ne uban ba", sai ka ga ƙato ya tashi yana rawa yana alkafura, ita kuma matar ta kwasa a guje bayan fage mai kyamara na binta a guje shi ma, kamar an biyo ɓarawon waya a Farm Centre. Alhaji zai ce "Subhanallahi, wannan lalacewa ne," sannan ya ɗauki rimot ya ƙara murya.

Ni kuwa duk wannan kallon ikon Allah nake, don gidan da na tashi ba a haka. Ranar da Baba ya rasu ina da shekara 19, hawaye ya ɗan taho kenan a wajen zaman makoki Kawu ya watso min wani kallo ya ce "kai, namiji ne fa kai," hawayen nan da kansa ya koma inda ya fito. Ranar da na samu bizar Amurka na shigo gida da gudu na gaya wa Hajiya, tana tsintar wake, ta ce "to madalla, Allah ya sa alheri," ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in miƙo mata faranti. Mu ƙarshen murnarmu kenan. In ka ji an ce "kai ma sha Allah" har sau biyu to abin ya kai maƙura.

Wata rana cikin Oktoba Mama ta buga mana ƙofa da murnarta, wai ta samu tikiti biyu na shiga ɗakin da ake ɗaukar wani shirin hira na rana a Manhattan, kyauta ake bayarwa ta intanet, jikarta ce za ta raka ta sai aiki ya hana. Ba zan faɗi sunan shirin ba don ba su yi min komai ba, ni na yi wa kaina. Ta ce "ɗana, sun ce a sa kaya mai haske, ban da fari, ban da mai rubutu." Na ce Mama ai kin zo gidan haske. Na ciro shaddata ruwan lemon tsami ta sallah, wadda ko a Kano sai da abokai suka ce in rage, na kafa zanna bukar, na fesa turare.

Mun yi kusan awa biyu a layi a bakin titi cikin iska, aka caje mu, aka ba mu takarda muka sa hannu wai mun yarda su yi amfani da fuskarmu yadda suka ga dama. Ban karanta ba. Wa yake karantawa? Muna shiga wata yarinya siririya mai abin magana maƙale a kunne ta hango ni ta dafe ƙirji kamar ta ga ɗan uwanta da ya ɓata a yaƙi, ta ce kayana sun kashe ta, wai ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba a rayuwarta. A rayuwarta fa. Ta ja hannuna ni da Mama har layin farko, daidai saitin kyamara. Na zauna ina jin kaina, ina cewa a raina ai dama shadda ba ta ƙarya.

Ɗakin sanyi kamar firij ɗin mai kifi, kuma ya fi yadda yake a talabijin ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Can sai ga wani mutum ya faɗo da tsalle riƙe da makirfo, ba shi ne mai shirin ba, shi aikinsa kawai ya zuga jama'a kafin a fara, wato dai ɗan ma'abba amma na Turawa mai albashi. Ya ce za mu yi gwaji. Akwai wani allo a sama da yake kamawa idan ana so a tafa, wannan mai sauƙi ne. Sai ya ce to yanzu ku yi dariya kamar na faɗi abin dariya. Bai faɗi komai ba fa, amma ɗakin nan ya kece, wata mata a bayana har tana dukan kujerata. Ya ce yanzu ku yi mamaki, aka ja numfashi gaba ɗaya aka rufe baki da hannu. Ya ce yanzu tausayi, sai suka saki wani sauti mai tsawo "ooooo" suna karkatar da kai gefe kamar an nuna musu jaririyar mage. Kyamara kuwa tana ta ɗauka, ashe ajiyewa suke su liƙa duk inda suka ga ya dace daga baya. Ni dai da aka zo kan mamaki na ce "ikon Allah" a hankali, da aka zo kan tausayi na girgiza kai na ce "Allah sarki". A ganina na yi ƙoƙari.

Aka fara shiri. Mai shirin ta fito, mata suka miƙe suna ihu kamar an ce an ga wata. Baƙin farko wasu 'yan'uwa mata ne su biyu da suka ɓata, shekara biyu ba sa magana, wai a kan rigar biki. Aka zaunar da ƙaramar tana ba da labari, fiyano na tashi a hankali daga inda ban sani ba, ta yi magana biyu ta tsaya ta kalli sama tana fifita idonta da hannu. Mai shirin ta riƙe mata hannu ta yi shiru, ta yi shiru, ta yi shiru har na zaci ta manta abin da za ta ce ne, sannan ta ce "yayarki tana nan a bayan labulen nan." Wayyo jama'a ku zo ku ga kuka. Ashe har da takardar share hawaye an ajiye a gefen kujeru tun kafin mu zo, sun san za a yi. Mama na gefena tana sharɓe. Sai na ji an ce yayar daga New Jersey aka ɗauko ta. New Jersey fa, tsallaken kogi, inda nake kai fasinja sau uku a rana in dawo. Ni shekara uku ban ga uwata ba, tsakaninmu teku guda da Sahara, kuma ban taɓa neman fiyano ba.

Ana tafiya hutun talla fuskar mai shirin ta mutu ɗif kamar an ɗauke wuta, wasu suka zo suna shafa mata hoda tana duba takarda. Sai wani ya zo ya ce wa 'yan'uwan nan kyamara ta biyu ba ta samu rungumar da kyau ba, a sake. Wallahi tallahi yayar ta koma bayan labule ta sake fitowa, suka sake rungumar juna, suka sake kukan, jama'a ma suka sake nasu, sabo fil kamar ba a taɓa yi ba.

A nan ne yarinyar mai abin kunne ta zo ta durƙusa a gabana tana murmushi, irin murmushin nan nasu da haƙora kawai ke yi. Ta ce tana ƙaunar kayana har yanzu, amma fuskata ba ta ba su komai, wai duk sanda kyamara ta zo kaina kamar ina jiran a kira lambata a banki. In ba zan iya ba babu damuwa ko kaɗan, za ta musanya ni da wani a layin baya. Kai! Ni da shaddata a mayar da ni baya a gaban mutane? Na ce mata ta ba ni dama ɗaya. Ai an ce in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka ka ɗaura.

Tana tashi Mama ta matso ta raɗa min a kunne, kuma wannan raɗar ita ce ta kashe ni. Ta ce "ɗana ka saki jikinka, ba ka san abin da za su raba ba, ka manta Oprah?" Ta ce a 2004 Oprah, wata shahararriyar mai shirin hira a talabijin, ta sa aka miƙa wa kowa a ɗakin shirinta ɗan ƙaramin akwati ta ce kar wanda ya buɗe sai ta ce, da aka buɗe makullin mota ne a ciki, mutum 276 kowa da sabuwar Pontiac G6 dal. Har ta ƙara da cewa matsalar kawai haraji ne, don wasu sai da aka nemi su biya kusan dala 7,000. Ni kuwa tuni na fara lissafi, dala 7,000 in na daina biyan hayar mota ai wata nawa ne, in karɓi bashi wajen Alhaji, in sa mata lambar haya, in ta tsufa in tura ta gida. Kafin a dawo daga talla har na zaɓi kala.

Saura kaɗan a tashi mai shirin ta miƙe ta ce tana da wani abu na musamman don mu, don mu ne 'yan kallo mafi kyau da ta taɓa samu. Sai ga ma'aikata sun fito da tire tire na ƙananan akwatuna ɗaure da jan zare. Gabana ya faɗi. Ta ce kar wanda ya buɗe sai ta ƙirga uku. Na kalli Mama, Mama ta kalle ni. Na ɗan jinjina nawa na ji da nauyi, na ce to wataƙila makullin da abin riƙewarsa ne na ƙarfe, Turawa ba sa ƙaramin abu. Hannuna rawa yake zaren ya ƙi kwancewa, garin sauri ma na ƙara ƙulle shi.

Ɗaya. Biyu. Uku.

Ɗakin ya fashe. Ihun da ban taɓa ji ba ko a filin Sani Abacha ranar da Pillars ta ci, mata na tsalle suna rungumar juna, ta bayana tana kiran sunan Yesu, wata ta zube a kan kujera tana fifita fuska. To ku gaya min tsakani da Allah, me zai sa babbar mace mai jikoki ta yi wannan ihun in ba mota ba? Ban tsaya kwance zare ba. Na yi wani tsalle da ban san ina da shi ba, hulata ta yi sama ta sauka a kan dandamali kusa da ƙafar mai shirin, na ɗaga akwatin sama da hannu biyu na kwarara ihu da Hausa tsantsa, "Hajiya! Hajiya na yi mota!" Na zube na yi sujada a kan kafet ɗinsu ban ma san ina ne gabas ba, na ɗago na rungume ƙafar mai kyamara, bawan Allah yana ja da baya ina binsa da gwiwa. Kuma abin da ya fi ba ni haushi har yau, hawayen na gaske ne. Hawayen nan da Kawu ya kora tun ina shekara 19, ashe yana nan yana jiran rana, ya zo da 'yan'uwansa da maƙwabta, har da majina.

Mama ce ta dafa kafaɗata. Ta ce "ɗana, ɗana, tashi ka buɗe."

Kyandir ne. Kyandir a cikin kwalba, mai ƙamshin kabewa da kayan yaji, wai na shigowar kaka. Kabewa dai da kuka sani ta miyar taushe. Na juya kwalbar na duba ƙasanta ko makullin yana manne, na zura yatsa a cikin akwatin, na duba na Mama. Kyandir. Na waiga na kalli matan nan, har lokacin ihu suke suna shinshinawa suna nuna wa juna, su sun san kyandir ne tun farko, ihun na kyandir ne. Ganin hadari ya sa ni wanka da kashi a gaban kyamara huɗu.

Mai shirin da kanta ta ɗauko hulata ta kawo min, ta dafe ƙirji ta ce a duk shekarunta ba ta taɓa ganin wanda kyauta ta taɓa wa zuciya haka ba, aka kunna allon tafi, aka tafa min. Yarinyar mai abin kunne ta ɗago min manyan yatsu biyu daga nesa. Mama kuwa tun daga Manhattan take dariya a jirgin ƙasa mai lamba 4 har muka wuce filin Yankee, ta yi shiru ta goge ido, ta kalli kwalbar a cinyata ta sake fashewa. Na roƙe ta don girman Allah kar ta gaya wa Alhaji.

Ba ta gaya masa ba. Kiransa ta yi ranar da aka sa shirin, bayan sati uku, ta zaunar da shi ta ba shi shayi mai ƙanƙara. Shi kuma ya ɗauka da wayarsa, sakan tara kacal, daga tsalle zuwa rungumar ƙafa, ya yanke daidai kafin a ga kyandir, ya tura wa "matana" a Kumasi. Matar tana da ƙanwa da take aure a Kano. Kwana biyu bidiyon ya yi a hanya ya sauka a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp, ya fi duk wani saƙo da na taɓa aikawa gida sauri.

Na tuna 2014 da Brock Lesnar ya kayar da Undertaker a WrestleMania, muna gidan kallo a unguwa, kyamara ta hasko wani ɗan kallo mai tabarau ya zaro ido kamar za su faɗo, shekara da shekaru muna tura hotonsa muna dariya. Ashe layi ɗaya muke, nawa ne bai zo ba. Yanzu 'yan gidanmu sun yi sitika uku da ni. In an ce an kawo wuta, ni ake turawa. In an ce an sauke tuwo, ni. Wata 'yar yayata da ta ci jarrabawa ma ni ta tura.

Ƙarfe uku na dare agogon nan Hajiya ta kira. Ko sallama ba ta gama ba ta ce "Auta, wa ya rasu?" Na ce babu kowa Hajiya. Ta ce to me ya same ka kake birgima a gaban Turawa kana kiran sunana? Na fara bayani ta katse ni ta ce ita dai ta ji na ce mota, wace iri ce? Na ce kyandir ne. Ta yi shiru. Ta ce layin ba kyau, maimaita. Na maimaita. Ta ce "to madalla," ta kashe.

Washegari Kawu ya kira, shi dai Kawun nan na "namiji ne fa kai". Na shirya shan faɗa, amma ko maganar kukan bai ɗauko ba, cewa ya yi ya taya ni murna, kuma tunda Allah ya hore sabuwa, tsohuwar da nake ja kar in wulaƙantar, in sa ta a jirgin ruwa ta biyo ta Kwatano akwai yaronsa da ya san hanya. Na rantse masa babu mota. Ya ce ai ya gane, ɓoye samu yana da kyau saboda baki, shi ma ba zai gaya wa kowa ba. Daga ranar zuwa yau mutum goma sha ɗaya sun nemi in taimaka musu da jari, wani abokina na firamare da muka rabu tun aji huɗu ya turo min hoton fili.

Da na ga abin ba zai mutu ba sai na ba wani mai tafiya gida kyandir ɗin na ce ya damƙa wa Hajiya hannu da hannu, ta nuna wa duk wanda ya zo, shaida. Shekaranjiya ta turo min saƙon murya. Ta ce an ɗauke wuta ta kunna, ɗakin ya ɗauki ƙamshi kamar an zuba sukari a miyar taushe har maƙwabta na leƙowa, amma dai gaskiya ya fi na kanti daɗewa, kwana huɗu ko rabi bai yi ba. Ta ce in za su sake rabawa in je in karɓo mata biyu, kuma in tsaya a tsaye in karɓa, ba sai na kwanta ba.